Buba da Ekon Masu Ciki

Ranar kasuwa ce, rana ta take tsaka, aka shigo wa Kaltume da mutum biyu lokaci guda, ɗaya a kan hannuwan jama'a, ɗaya da ƙafafunsa. Majo, shugaban gidan likitan, ya tafi taro Dogondutsi, da ake ce wa Dutsi, tun da safe. Ita kuwa sajfam ce, aikinta awon ciki da karɓar haihuwa, amma a wannan ƙauye na cikin yashin Sukukutane ba mai tambayar abin da ka karanta. Wanda aka tarar da farar riga shi ne likita.

A kara abin ya faru, wurin cinikin dabbobi. Ana fama a cusa wani jan bijimi cikin kamiyo, babbar motar kaya, igiya ta tsinke. Bijimin ya juyo ya haɗa mai shi, wani Bafillace da ake kira Buba, da jikin motar, ya danna shi da goshi ta gefen hagu. Daga nan ya yi kan rumfar Naziru mai sayar da salula da caja. Naziru ya faɗi, kansa ya bugi ƙarfen rumfar, fatar ta tsage. Duk wanda ya san fatar kai ya san iyayinta, tsagu kaɗan sai jini kamar an yanka rago. Farar jallabiyarsa ta rine har ƙasa, yana salati yana kiran sunan uwarsa, rabin kasuwa na biye da shi.

Buba kuwa ba wanda ya bi shi. Ya tako a hankali, sandarsa a hannu, ya tsuguna gindin bishiyar da ke tsakar gidan likitan kamar wanda ya zo rakiya.

"Madam, a hiddo mota," in ji Isma'ila, yayan Naziru, Ba'are mai babban shagon siminti a bakin kasuwa. Mutum ne da bai saba ya faɗi magana sau biyu ba. "Dutsi za mu kai shi yanzu."

"Ka bari in ga ciwon tukuna."

"Ba ki ga jinin ba?"

"Na ga jinin. Ciwon na ce. Ka matsa ka ba ni haske."

Motar da yake magana a kai babur ne mai ƙafa uku da gado ɗaya tak a bayansa, shi suke kira ambilans. In ya kama hanyar Dutsi cikin yashin nan, sai rana ta yi sanyi yake dawowa. Direban kamiyon kuwa tun da ya ga jini ya ja motarsa ya gudu don tsoron jandarma. Abin hawa ɗaya ne ya rage a garin da zai ɗauki mutum a kwance, kuma mutum ɗaya zai ɗauka.

Kaltume ta wanke kan Naziru, ta danne, ta fara ɗinki. Naziru na ihu, ita tana yi masa tsawa, don Allah ya sani ba ta da haƙuri da namiji mai raki, ita da take ganin yara mata suna haihuwa suna cizon zane. Ta tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ya amsa daidai. Ta haska idanunsa, lafiya lau. Amma duk lokacin da ta ɗaga kai, ta ƙofa idonta ke fita zuwa gindin bishiya. Bafillacen nan ya shanye buta guda, ya miƙa hannu an ƙaro masa. Zufa na tsattsafo masa a goshi alhali yana cikin inuwa. Hannunsa na hagu kuma bai bar haƙarƙarinsa ba.

Tana gama ɗinkin ta fita da abin awon tansiyo, wato hawan jini.

"Kai ne bijimin ya danna?"

"Ɗan taɓa ni ya yi, Madam. Bijimi ya san mai shi."

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau, jijiyar na gudu sirit-sirit kamar an koro ta. Ta ɗaura abin awo, tansiyon ya fito daidai, ba hawa ba sauka. Wannan bai kwantar mata da hankali ba ko kaɗan. A horon da aka ba su a Doso, likitan da ya koya musu ya nanata cewa tansiyo maƙaryaci ne a jikin ƙaƙƙarfan mutum. Jini na tsiyaya a cikin ciki, jiki na ta matse jijiyoyi yana rufa asiri, sai ya gaji ya saki gaba ɗaya, a lokacin kuwa an makara. Wadda ba ta iya rufa asiri ita ce babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, wadda ta ratsa ta bayan hanta. In jini ya wadata za a gan ta a cike, in ya ragu sai ta lafe. Kuma da eko, na'urar hoto da take duba masu ciki da ita, ake ganin ta.

Ta koma ɗakin haihuwa ta ɗauko shi. Ɗan abu ne kamar sabulun wanki, da waya da ta haɗa shi da allon gilashi. Kaf garin ba wanda bai san shi ba. Kowane magidanci ya sha labarinsa a bakin matarsa, yadda ake shafa mai sanyi a ciki, yadda ake ganin kan jariri yana motsi. Tana fitowa da shi a hannu, jama'ar da ke tsakar gida suka fara taɓa juna.

Ba'are, wato ɗan ƙabilar Arawa ta wannan yankin, da Bafillace taubasai ne tun kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗayan bawansa ne, a zagi juna a kasuwa, a ƙwace wa juna goro, a rabu ana dariya, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Kaltume Ba'ariya ce, ita ma ta iya wasan. Amma wasa yana da rana, yau kuwa jinin ƙanen Isma'ila ne a hannun rigarsa, kuma bijimin Buba ne ya zubar da shi.

"A'a, jama'a ku yi mana barka," in ji Isma'ila daga bakin ƙofa, fuskarsa ba alamar dariya. "Bawana ya ɗauki ciki. Madam, duba mana ko wata nawa ne. In ɗan maraƙi ne, nawa ne, a madadin kan ƙanena."

Aka kwashe da dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Buba ya yi murmushi ya dubi ƙasa. Ya kamata ya rama, haka al'adar take, amma numfashin da zai rama da shi ba ya gare shi.

Nan Kaltume ta yi wautarta. Maimakon ta ja shi gefe ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, sai zuciya ta ɗebe ta, ta ɗaga murya yadda take yi wa mata masu gardama a kan gadon haihuwa.

"Tashi ka shiga ciki ka kwanta, ka ɗage rigarka. Ƙato da kai kana zaune kana shan ruwa kamar raƙumi, jini na zuba cikin cikinka. In ba ka tashi ba, wallahi a kwance za a fitar da kai."

Murmushin ya bar fuskar Buba. Ya sauke hannunsa daga haƙarƙarin, ya gyara tsuguno, ya miƙe wuya.

"Lahiya ta lau, Madam."

Wata mai tallan nono da ke tsaye kusa ta ja mata gefen riga, ta yi mata nuni da ido. Can gefe, a ƙarshen inuwar, wani tsoho ne zaune da malfa, ya juya fuskarsa wajen katanga kamar bai san abin da ake ciki ba. "Surukinsa ne," matar ta raɗa mata. "Uban Shatu, matarsa."

Kaltume ta ji kamar ta mari kanta. Shekara nawa tana aiki cikin Fulani, ta san Bafillace ba ya ko cin abinci gaban surukinsa, balle ya kwanta ya buɗe ciki, balle ya ce wayyo. Ita kuma ta zo ta tsawata masa gaban tsohon da gaban Arawa, da kayan awon mata a hannu. Ta taka wurin tsohon ta rusuna.

"Baffa, don Allah ka ɗan zaga baya. Aiki zan yi."

Tsohon bai dube ta ba. "Ni inuwa na zo sha, ɗiyata. Ban ga kowa ba, ban ji komi ba."

Ta gane. In ya tashi yanzu, gaban wannan taro, ya shaida wa duniya ke nan cewa mijin 'yarsa ya kasa. Zamansa kara ce yake yi wa Buba, karar kuwa ita ke kashe shi. Maza, in ji ta a zuci, ga rai na fita suna ta lallaɓa girma.

Sai dabara ta faɗo mata, ta kuwa ɗauka ta gari ce. Za ta duba Naziru da ekon a bar ƙofa buɗe. Buba zai ga namiji ya kwanta an duba shi bai zama mace ba, Isma'ila kuma zai gani da idonsa cewa jinin ƙanensa bai tafi ko'ina ba, ya bar mata motar. Ta koma ciki, ta ɗage jallabiyar Naziru kafin wani ya ce uffan, ta shafa man, ta dafa kan na'urar ƙasan ƙirjinsa.

"Zo ka gani," ta ce wa Isma'ila. "Wannan mai launin toka hanta ce. Wannan baƙin layin da ya bi ta ƙarƙashinta, babbar jijiyar jini ce. Ka gan ta a buɗe, in ya ja numfashi ta ɗan motsa ta koma. Jininsa na nan. Abin da ka gani a riga bai kai abin da mace ke zubarwa a haihuwa ɗaya ba. Wancan na waje shi nake tsoro."

Isma'ila ya sunkuya yana duba allon. Ta ga ya ƙura wa layin ido, har ta fara sa rai. Sai murya ta faɗo ta taga, ta wasu samarin Fulani da suka biyo sahu daga kara suna jiran ranar ramuwa.

"Ashe Ba'are ya riga mu zuwa awo. Alhaji, 'yan biyu ne ko ɗaya?"

Tsakar gida ta ɗauka, har da tafi. Naziru ya fizge rigarsa ya rufe ciki yana ƙoƙarin tashi. Fuskar Isma'ila ta yi baƙi ƙirin.

"Kin tsiraita ƙanena gaban makiyaya don ki burge su," ya ce a hankali. "Mace, ki ɗaga rigar namiji baligi ba ki tambayi kowa ba. To kin gama. Khalid, tada mota."

Khalid, direban ambilans, ya dubi Kaltume ya dubi Isma'ila. A gidan Isma'ila yake haya. Ya tafi ya tada mota.

Ta riga su fita, ta tsaya gaban babur ɗin ta dafa ƙahonsa. "Ba inda motar nan za ta da mai ɗinki a ka. Gadon na mai zubar jini ne."

"Wa ke zubar jini? Nuna mini." Isma'ila ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a. "Ku duba ƙanena, ku duba wancan. Ɗigo ɗaya kun gani a jikinsa? Ke da kanki kin auna shi, mi abin awon ya ce?"

"Ya ce daidai. Amma…"

"Kin duba shi da madubin naki?"

"Bai yarda ba."

"To zato kike. Kan ƙanena kuwa ƙarfe ya buga. Za ki rantse mini da Allah ba abin da ya taɓu a cikin kan?"

Ba za ta iya rantsewa ba, ekonta ba ya ganin cikin ƙoƙon kai. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, mutumin yana da 'yar gaskiyarsa. Ta bar gaban motar ta nufi gindin bishiya, ta durƙusa gaban Buba a cikin yashi, ta sauke murya yadda ya kamata ta yi tun farko.

"Malam Buba, na yi maka ba daidai ba, ka yafe ni. Ba sai ka kwanta ba. Ka ce kawai kana jin ciwo, ni zan yi sauran faɗan."

Leɓunansa sun yi fari kamar ya ci toka. Ya ɗan karkata ido wajen malfar da ke ƙarshen inuwa, ya dawo da shi ƙasa.

"A kai yaron," ya ce. "Shi ya ji ciwo."

Aka ɗora Naziru. Isma'ila ya hau babur ɗinsa ya bi baya, abokansa suka rufa masa. Sauran jama'a suka ga kallo ya ƙare, suka koma kasuwa, samarin Fulanin ma suka tafi neman bijimin da ya ɓalle. Kafin ƙarar motar ta gama ɓacewa, tsakar gidan ta zama ba kowa sai Kaltume, da mai nono, da mutanen nan biyu.

Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa iska, "Bari in dubo shanu." Ya fita ta ƙofar gidan bai waiwaya ba.

Buba ya dogara sandarsa zai tashi. Ya kai rabi, ƙafafun suka ƙi, ya zube ta gefe. Ita da mai nono suka ja shi ciki suka ɗora shi kan gadon awo, wanda ɗumin Naziru bai gama hucewa a kansa ba. Ta ɗage rigar. Ba rauni a fatar sai ɗan ja-ja ƙasan haƙarƙari, cikin kuwa ya yi tauri kamar ƙwarya. Ta dafa na'urar ƙasan ƙirjinsa, ta nemo hanta, ta nemi jijiyar. Da ƙyar ta same ta. Ta lafe ta zama zare, in ya ja numfashi bangonta biyu su haɗe ta ɓace gaba ɗaya. Ta zaga da na'urar gefen hagu wajen saifa. Baƙi ne shimfiɗe a inda bai kamata a ga baƙi ba, ya cika kowane lungu. Jinin Buba duk yana nan cikin cikinsa, ko ɗigo bai ɓata rigarsa ba.

Ta ɗaga ƙafafunsa kan matashi, ta huda hannuwansa biyu ta sa masa ƙarin ruwa, ta ba mai nono leda ɗaya ta ce ta matsa da ƙarfinta. Ruwa ne kawai, jini babu shi a ƙauyen, wuƙar da za ta ɗinke saifa kuma tana Dutsi. Ta kira Khalid. Ya ɗauka, tana jin iska da kukan inji.

"Ka juyo. Na gani da idona, cikinsa cike yake da jini. Ka sauke Naziru ya hau bayan yayansa, zai iya zama."

Ta ji ana 'yar jayayya, sai muryar Isma'ila. "In mun sauke shi a lofital, motar ta dawo miki." Ya kashe. Ta sake kira, ba a ɗauka ba. Ta kira majo, ya ce motar babban lofital, wato asibitin Dutsi, ta fita ɗauko wata mai naƙuda can wani gefen, amma zai nema. Ta jefar da salular kan tebur, ta zagi Isma'ila, ta zagi bijimin, ta zagi bakinta.

"Madam." Muryar Buba ta zama ƙarama. "Tsohon ya yi nisa?"

Ta leƙa ta taga. Ga tsinin malfar nan bayan katanga, dab da tagar, ko taki goma bai yi ba. Ba wasu shanu da ya tafi dubawa.

"Ya yi nisa," ta ce. "Ya kai kara."

Sai Buba ya saki nishi. Ta sha jin kukan mata a ɗakin nan, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba, dogo, daga can ƙasan ciki, na mutumin da ya daɗe yana riƙe da shi. Ya yi, ya sake yi, yana kiran inna da Fulatanci. Kaltume ta riƙe hannunsa tana kallon taga. Malfar ta ɗan tsaya, sannan ta fara tafiya a hankali tana bin katanga, har ta kai inda kunne ba zai jiyo ba.

Leda ta ƙare, ta sa wata. Ta sake dafa na'urar, jijiyar ba ta taso ba. Ana kiran la'asar tansiyon da ya yi ta rufa asiri ya saki gaba ɗaya. Mai nono ce ta matsa kusa da kunnensa tana maimaita masa kalmar shahada, ita kuma Kaltume ta ci gaba da matsa ledar har bayan ta san ba amfani.

Rana ta yi ja lokacin da ambilans ya dawo. Naziru na zaune a kan gadon da farin bandeji a ka, yana cin biredi. Isma'ila ya sauko daga babur ɗinsa fuska a sake, fushin ya huce tun a hanya, don likitan Dutsi ya ce ba abin da ya taɓu, ɗinkin ma ya yi kyau. Ya riƙo ƙullin goro a hannu, irin wanda taubashi ke kawo wa taubashi in wasa ya ɗan yi zafi. Kaltume na tsaye bakin ƙofa. Tsohon na zaune a dakalin, malfar a gefensa.

"Baffa, an wuni lahiya?" in ji Isma'ila. "Ga mota na maido. Ina bawan nawa? Ya sauka?"

Tsohon ya ɗaga kai ya dube shi. Bai karɓi goron ba.

"Yana ciki," ya ce. "Mu nan tsoho ne da mata biyu, ba mu iya ɗaga shi. Tun da naka ne, zo ka kama mana ta wajen kai. Ka ce wa ƙanenka ya sauka, gadon muke so."